Ruwan da Muka Ba Baƙo

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa daga kai, har sunayen jikokina nakan rikita, amma abin da ya faru a tsohon Zangon Lome a wata babbar damina yana nan daram, kuma na san da shi za a kai ni makwanci. Damina ce mai ruwa kamar da gayya. Shekarar kuwa, in ta bakin rediyo za a bi, ba a taɓa yin mai daɗinta ba. Jam'iyya ɗaya ce, baki ɗaya ne, kowa yana cikin farin ciki, wanda bai san yana farin ciki ba sai a sanar da shi a labaran rana. Mu a Zango namu farin cikin har idon sawu yake kai mana, don in ruwa ya sauka, tafkin nan na bayanmu da ake kira lagun sai ya cika ya turo, kwatami ya haɗu da masai, su ɗunguma tare su gangara cikin rijiyoyinmu.

Lokacin ina toya waina a ƙofar gida, maigidana yana sayar da goro a babbar kasuwa, uwarsa kuma, wadda muke kira Inna, tana zaune tare da mu. Da yamma nakan je makarantar manya, har na iya haɗa baƙi, ina karanta allunan kan titi a hankali kamar mai tsintar shinkafa. Autata kuwa ba a daɗe da yaye ta ba, kuma tun da ruwan ya fara cikinta bai tsaya ba. Ta yi sauƙi yau, gobe ta koma. Likita ya ce ruwa ne, a riƙa ba ta na famfo. Shawara mai kyau, Allah ya saka masa. Famfon da ya fi kusa da mu yana unguwar Hanukope, layinsa kuwa sai ka je da ƙuruciya ka dawo da furfura. Bokitin da na samo na sha ne, amma yaro mai tafiya ba ya tambayar wane ruwa ne na sha kafin ya kai baki.

Ana cikin haka maigida ya dawo daga kasuwa da labari. Wai gwamnati ta samo bututu, amma ba zai ishi kowace unguwa ba, saboda haka za a turo malaman jami'a, masu nazarin zaman jama'a, su shiga unguwanni su ga yadda mutane suke rayuwa, abin da suke ci, abin da suke sha, abin da ke damunsu. Abin da suka rubuta shi manya za su duba su ce ga inda za a fara kai famfo. Ni dai a raina na ce to, ƙarshen wahala ya zo. In dai abin da ido ya gani za a rubuta, ai mu ko bakinmu ba sai mun buɗe ba. Hanci ma kaɗai ya isa ya yi binciken.

Ban san akwai masu tunani mai zurfi fiye da nawa ba.

Shugabar matan jam'iyya ta unguwarmu wata Hajiya ce mai sayar da atamfa, mace mai jiki da murya, wadda in ta yi sallama a ƙofar Zango ana amsawa a ƙarshensa. Ta tara mu a gidanta ta ce ta zo mana da saƙon dattawa. Baƙi za su zo daga gwamnati, kuma kowa ya san abin da ake faɗa a kanmu a gari: wai 'yan Zango baƙi ne, ƙazamai ne, sun tare tsakiyar birni da awaki da kwatami. An daɗe ana raɗe-raɗin za a tashe mu. To in waɗannan malamai suka rubuta cewa Zango ƙazanta ce, ba famfo za a turo ba, motar rusau za a turo. Saboda haka kowa ya gyara gidansa, kowa ya gyara bakinsa.

Gaskiya tsoron nan ba ita ta ƙirƙire shi ba, duk muna kwana da shi. Amma na daure, da ƴar muryata da ba ta kai ko'ina, na ce, "Hajiya, in ba su ga matsalar ba, yaya za su san muna buƙatar famfon?"

Ta juyo ta dube ni kamar ta ga akuya ta yi magana. "Ƙanwata, tun da kika fara zuwa makarantar nan ta yamma kanki ke hayaƙi. Baƙo ne zai zo gidanki ki ja hannunsa ki kai shi bayan gida, ki ce ga arzikinmu? Haka uwarki ta koya miki?"

Mata suka yi dariya. Ni ma na yi, don a wancan zamanin wanda bai yi dariya tare da jama'a ba sai an tambaye shi dalili.

Ban taɓa ganin Zango ta yi aiki da zuciya ɗaya kamar na wannan makon ba. Da rabin ƙarfin da muka sa wajen ɓoye matsalar muka sa wajen maganinta, da da hannunmu mun haƙo bututu daga Hanukope. Samari suka riƙa jido yashi daga bakin teku a baro suna rufe taɓo. Aka shafa wa bakin rijiyoyi farar ƙasa, aka yi musu murfi na katako, har suka yi kyau kamar kaburburan masu hali. Aka kore awaki zuwa gidajen dangi a wasu unguwanni. Mu mata kuma aka ce kowace ta wanke randarta, ta je famfo ta cika ta, don ko da baƙi sun nemi ruwa. Muka yi ta safa da bokiti a ka, mutanen Hanukope suna tambayarmu ko biki ake yi a Zango. Muka ce ƙwarai.

Saura abu ɗaya da yashi ba ya rufewa, wato yara marasa lafiya. Hajiya ta ce wannan mai sauƙi ne, a sa su ɗakin ciki, masu ƙiba su fito waje da kayan Sallah. Gidanmu aka zaɓa a cikin waɗanda za a shigar da baƙi, wai don a ga Zango ma tana da matar da ta iya karatu. Sai aka kai autata ƙuryar ɗakin Inna, tare da jaririn maƙwabciyata, wanda nasa ciwon ya ma fi nata. Inna ta zauna da su, tana ta mita ƙasa-ƙasa, tana cewa ita a zamaninta amarya ake ɓoyewa, ba mara lafiya ba.

Ranar da za su zo, ko sama sai da ta shiga jam'iyya, don ko ɗigo bai sauka ba. Tun hantsi muka jeru a bakin titi cikin anko, muna rawa da waƙar yabon nan da ake kira animasiyo, wadda ba a tarbar ko mai karanta mita sai da ita. Mota ta tsaya. Wani dattijo mai tabarau ya fito, mutumin kudu, siriri, mai ladabi, aka ce shi ne farfesa. Tare da shi akwai ɗalibai, a cikinsu wata budurwa da ta rufe kanta da ɗan gyale. Ashe ƴar Hausawa ce, haihuwar nan Togo, iyayenta suna unguwar Aveji, ta yi karatun Faransanci har jami'a. Ita ce tafinta. Hausarta tana ɗan ɗingishi, in kalma ta gudu mata sai ta jawo ta Faransanci ta toshe ramin.

Farfesa ya ce shi so yake ya zaga shi kaɗai da ɗalibansa, ba sai an wahala ba. Aka ce Allah ya kiyaye a bar baƙo shi kaɗai. Sarkin Zango a damansa, Hajiya a hagunsa, ƴan jam'iyya a baya, makaɗa a bayan ƴan jam'iyya. Haka aka yi binciken sirrin rayuwar talaka, da kalangu.

Da suka shigo gidana na yi abin da kowace ƴar halas take yi wa baƙo kafin a ce komai. Na ɗauko kofin gilas ɗin da ke cikin kayan aurena, na ɗebo ruwa a randa, na ɗora a faranti, na durƙusa na miƙa masa. Ya ɗaga shi sama ya duba, garau kamar hawaye. Ya sha, ya lumshe ido, ya faɗi wani abu da Faransanci. Yarinyar ta ce, "Mama, wai ruwan nan ya fi na gidansa daɗi. Yana tambaya daga ina kuke samu."

Kafin in buɗe baki Hajiya ta nuna rijiyarmu mai farar ƙasa da sabon murfi. Ba ta yi ƙarya da baki ba, Hajiya mai tsoron Allah ce. Yatsa kawai ta nuna.

Aka shiga tambayoyi. Yaya lafiyar gida? Alhamdu lillahi. Yara suna yawan ciwo? Sai abin da ba a rasa ba. Ruwa yana shiga gida da damina? Damina ai rahama ce. Akwai abin da kuke so gwamnati ta yi muku? Allah dai ya ja zamaninta. Yarinyar tana fassarawa, farfesa yana rubutawa yana gyaɗa kai, Hajiya tana tsaye a kaina tana murmushi irin na wadda ɗalibarta ta ci jarrabawa.

Can sai autata ta saki kuka daga ƙurya, irin siririn kukan nan na yaron da ba shi da ƙarfin yin babba. Yarinyar ta ɗago kai ta kalli labulen, ta kalle ni.

"Mama, wa ke kuka?"

"Haƙori ne," in ji Hajiya. "Ku zo ku ga masallacinmu."

Makaɗa suka ɗauka, aka fita da su. Yarinyar ita ce ta ƙarshen fita, kuma sai da ta sake waiwayar labulen nan.

Ba su daɗe da tafiya ba sama ta fita daga jam'iyya. Ruwa ya sauko ya kwashe yashinmu ya mayar da shi teku inda muka aro shi, farar ƙasa ta bi kwatami, awaki suka dawo gida. Autata ta ci gaba da yau-sauƙi-gobe-ciwo, ta rame har zanen goyo yana yi mata yawa. Jaririn maƙwabciyata kuwa bai ga ƙarshen daminar ba. Muka je muka yi mata gaisuwa, muka ce kwana ne ya ƙare, kuma kwanan ne. Ruwan da aka yi masa wanka na ƙarshe da shi ma daga rijiyar aka ja.

Sai da ƙaramar damina ta kama, wadda ke zuwa bayan ɗan sararin nan na tsakiya, aka tara mu a filin makaranta don jin sakamako. Wani babba daga ofis ya miƙe ya ce bincike na ilimi ya tabbatar da cewa Zango unguwa ce abar koyi. Tsafta, haɗin kai, rijiyoyi masu murfi, ruwa mai kyau, yara masu ƙoshin lafiya, jama'a masu godiya. Saboda haka gwamnati, da yake ba da ka take aiki ba, da ilimi take aiki, ta ga ya dace a fara kai bututu inda aka fi buƙata, wato can wajen unguwar Be-Kpota. Mu kuma an ba mu takardar yabo a cikin gilas.

Muka tafa. Wallahi muka tafa, har da guɗa. Aka buga kalangu muka yi animasiyo na godiya cikin taɓo. Daga baya muka ji yadda mutanen can suka yi nasu. Wai su, da baƙin suka je musu, ko ruwa ba su ba su ba, sai suka ja su bakin rijiya, suka fito da yara marasa lafiya suka jera, tsofaffi suna ta ƙorafi. Hajiya ta ce ka ji marasa kunya. Marasa kunyar nan dai kafin azumi suna alwala da ruwan famfo. Mu masu kunya aka rataye takardarmu a zauren Sarkin Zango, duk mai jin ƙishirwa yana iya zuwa ya kalla.

Wata rana da la'asar, ana yayyafi, ina kwashe kayan waina, sai na ji sallama. Yarinyar nan ce, ita kaɗai, ba mota ba makaɗa, takalminta a hannu, taɓo har ƙwauri. Ta tsaya tsakar gida tana kallon rijiyar, wadda murfinta ya riga ya zama itacen girki. Ta leƙa ciki. Ta dubi autata da ke kwance a tabarma.

"Wannan ce mai haƙorin?"

Na ce ita ce.

Ta zauna a kan turmi, ta fara magana, rabi Hausa rabi Faransanci, don ranta a ɓace yake. Ta ce tun ranar ta gaya wa farfesa akwai abin da bai yi mata ba, yashin ya yi sabo da yawa, kuma ba ta taɓa ganin unguwar Hausawa ba akuya ba. Shi kuma ya ce ya ji, amma ba zai rubuta wa gwamnati zato ba, abin da ya gani da abin da mutane suka faɗa da bakinsu shi zai rubuta. Ta ce su ma masu binciken ba ta wanke su ba, don wanda ya zo da safe ɗaya, da ƴan jam'iyya a bayansa, bai kamata ya ce ya san unguwa ba. Amma mu ma, in ji ta, mun ɗauki mutumin da aka aiko ya zama idon gwamnati mun ɗaure masa fuska da atamfa mai kyau.

Na ce, "'Yata, tsoron rusau ne."

Ta ce, "Mama, in sun so tashinku, takardar yabo ba za ta tare mota ba. Amma ruwa, in ba a rubuta babu ba, ba mai kawowa."

Sai ta gaya mini abin da ya kawo ta. Akwai sauran rahoto da za su miƙa kafin a tsara aikin baɗi, kuma ta matsa wa farfesa har ya yarda zai sake zuwa, gobe da safe, shi da ita kawai, ba tare da an sanar da kowa ba. Abin da take nema gida ɗaya ne da zai buɗe ƙofa ya bar abubuwa yadda suke.

Na ce mata sai na yi shawara. Da maigida ya dawo na gaya masa. Ya daɗe yana juya goro a hannu, ya ce shi yana da rumfa a kasuwa, rumfar kuma ba ta fi ƙarfin a rufe ta ba, kuma Hajiya ba za ta yafe ba. Inna ce ta tsinka maganar daga ɗakinta. Ta ce ita ce ta riƙe yara biyu a ƙurya ranar nan, yau ɗaya ya rage, kuma ba za ta sake riƙe kowa ba, ko Sarkin Zango ne ya zo da kansa. Maigida ya ce to shi gobe da wuri zai fita kasuwa, abin da ya faru a bayansa bai sani ba. A wurinsa wannan babbar jarunta ce, kuma na karɓa a haka.

Bari in faɗi ƙarshen tun yanzu, don kada a ɗauka tatsuniya ce. Famfo ya zo, amma ba da gudu ba, sai da wasu daminun suka wuce. Autata ta sha shi, ta rayu, yau ita ke kai ni asibiti. Hajiya ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwata, amma ranar buɗe famfon ita ce a gaba, ita ta fara tara kofi, kuma a jawabinta ta bayyana irin wahalar da ta sha kafin a samu. Tashin da muke tsoro kuwa daga baya ya zo, aka kwashe mu zuwa bayan gari, takardar yabonmu tana cikin kaya.

Abin da na koya shi ne, mutanen ofis ba sa shan ruwan rijiyar kowa. Abin da aka rubuta musu shi suke sha, da shi suke raba bututu da asibiti da makaranta. Masu binciken nan in sun zauna sun gani da kyau, kuma aka bar su suka gani, suna iya kai kukan ɗakin ƙurya har teburin da ba za mu taɓa isa ba. In kuwa aka tarbe su da kalangu, kalangun za su kai. Kunya adon mutum ce, ban musa ba, har yau ba na iya barin baƙo ya ga tsakar gidana ba shara. Amma akwai baƙon da ba zumunci ya kawo shi ba, ciwo aka aiko shi ya duba, kuma wannan ba a ɓoye masa ƙurji.

A daren ranar da yarinyar ta dawo dai, ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Da gari ya waye ban yi shara ba, wanda rabona da haka tun ina amarya. Na bar akuya a inda take. Na shimfiɗa wa autata tabarma a tsakar gida, inda duk mai shigowa zai fara ganinta, Inna ta fito ta zauna kusa da ita da carbinta. Na ɗauko kofin gilas ɗin nan na wanke shi tas, na zura guga a rijiya, na cika shi, na ɗora a faranti. Ruwan ya yi kalar shayin da aka yi wa rowar madara, wasu ƴan abubuwa suna yawo a ciki abinsu.

Da suka yi sallama na amsa, na ba farfesa kujera, na durƙusa na miƙa masa farantin da hannu biyu, yadda uwata ta koya mini. Ya ɗaga kofin sama kamar wancan karon. Ya daɗe yana kallo.

Na ce wa yarinyar, "Gaya masa ya yi haƙuri, wancan na aro ne. Wannan shi ne namu."